Ta Bakin Taga

Litinin, 28 Oktoba 2024

An koma lakwal yau, bayan jinkirin da ambaliya ta jawo. Ni aka bar wa ajin masu birbe, jarrabawar fita, darasin halittu, wato bana ma ni ce zan buɗe cikin mutum gaban yara: narkewar abinci, numfashi, jini, ƙoda, ƙwaƙwalwa, sannan babin can na ƙarshe da kowa ke jira yana sunkuyar da kai.

Ba wannan ne ya dame ni ba. Ina shiga na gan ta a bencin bakin taga. Tun hutu na roƙi direkta ya sa ta a ɗaya ajin, ya ce to, ashe to ɗin ta baki ce. Da na koma masa sai ya kama dariya, wai Madam Nafisatu, ke da kika yi karatu har Yamai? Na yi karatu har Yamai, amma a Dawce aka haife ni, kuma yarinyar nan 'yata ce ta fari. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Inna ta tafi da ita ranar yaye, a can ta girma, Yaya take ce mini. Bana ne kawai ta dawo hannuna nan Matameye saboda jarrabawa.

Na miƙa wa shugaban aji kiran suna, na ce maƙogwarona ke ciwo.

Laraba, 6 Nuwamba

Na fito da Baba Shekara daga sito. Mutum-mutumin roba ne, ba hannu ba ƙafa, kayan cikinsa ana zare su ɗaya-ɗaya. Yara suka sa masa sunan don ya riga rabin malamai zuwa lakwal ɗin. Ƙodarsa ta hagu ta ɓace tun kafin zuwana, goro nake sakawa a gurbin.

Na bi da su hanyar lomar tuwo. Haƙori ya niƙa, yawu ya jiƙa, maƙoshi ya tura, tumbi ya dama. Hanta ta zubo ruwan madaciya a kan mai, ƙaramin hanji ya tsotse amfanin ya miƙa wa jini, babban hanji ya shanye ruwan ya kori saura. 'Yan bencin baya suka tambayi inda sauran ke zuwa, don dai a yi dariya. Na faɗa musu da Faransanci, na maimaita da Hausa, ban ƙifta ido ba. Irin wannan ba ya ba ni kunya, muddin ɓangaren ƙofa nake kallo.

A gida na tsaya tsakar gida na ce masu jin yunwa tuwo ya sauka. Ta fito ta ɗauka. Rabin tuwon ta bari a kwanon.

Alhamis, 14 Nuwamba

Ta sake yin wanka kafin magariba, na biyu ke nan yau, cikin sanyin nan. Na faɗa wa randa cewa mai ga-ruwa ba kullum yake zuwa ba. Na san ta ji.

Alhamis, 21 Nuwamba

Numfashi. Na sa su zagaya filin lakwal da gudu, su dawo kowa ya dafa ƙirjinsa ya ji yadda huhu ke neman iska. Na nuna musu a jikin Baba Shekara yadda iska ke bin maƙogwaro ta rabu biyu, ta shiga 'yan ƙananan jakunkuna inda jini ke karɓar mai kyau ya sauke gurɓatacciya.

Ita ce ta ƙarshe. Har an zauna tana waje, ta dafa bango tana haki. Ta gefen ido na gani. Na ce a raina Inna ta sangarta ta, yarinyar da ta tashi cikin lambun rake ai bai kamata 'yan gari su tsere mata ba. Haushi ma na ji, don malamai sun san wace ce.

Talata, 3 Disamba

Darasin da na fi so, zagayawar jini. Zuciya ɗakuna huɗu, tana tura jini huhu ya sha iska, ya dawo, ta sake tura shi ko'ina har ɗan yatsan ƙafa. Na ce musu jini shi ne ɗan aiken jiki, abinci da iska duk shi ke rabawa, kuma in ya yi ƙaranci mutum zai ta haki, jiri ya riƙa ɗibarsa, abinci ya fita ransa.

Sai na yi abin da nake yi kowace shekara. Na bi benci-benci ina ja musu fatar ido ta ƙasa, ina nuna wa na kusa: ja yana nufin jini ya wadata, fari yana nufin a je likita. Na samu biyu da na rubuta wa iyayensu. Da na iso bakin taga na duba ta kusa da ita, na duba ta bayanta, na wuce. Ta riga ta ɗaga fuska. Na ga ta ɗaga. Na yi kamar alli ya faɗi, na sunkuya.

Duk 'ya'yan Hausawa ne, sun gane.

Lahadi, 8 Disamba

Maigida ya dawo daga Damagaram da kaya. Da ya ga yarinyar ya ce ta rame. Na ce karatu ne. Sai na kai masa ƙarar da ta daɗe tana cina: ba ta salla. Tun zuwanta sallolin da na ga ta yi ba su taka kara sun karya ba. Kwana ɗaya ta yi, ta shafe kwanaki ba ta taɓa buta ba, sai wanka kamar agwagwa. Na ce lalaci ne, ya yi mata faɗa.

Ya ce shi ba ya shiga maganar sallar 'ya mace, sha'anin mata ne, in tambaye ta. In tambaye ta. Kamar gishiri zan aike ta saye.

Alhamis, 26 Disamba

Hutu. Ta wanke mini kayan lakwal duka ba tare da na sa ta ba, ta goge. Na ce wa igiyar shanya an gode.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙoda muka yi yau. Na zare ta dama daga cikin Baba Shekara, na ɗaga goron hagu aka yi dariya. Na ce su ne rariyar jiki, jini na bi ta cikinsu dare da rana suna tace dattin, dattin ya sauko ta siraran bututu biyu ya taru a mafitsara. Na ce fitsarin mai lafiya ba ya da jini ko ɗigo. Wani daga Icirnawa ya ce a garinsu in yaro ya fara fitsarin jini cewa ake ya zama namiji. Na ce wannan tsargiya ce. Tsutsa ce da ke fita daga katantanwar tabki, ta huda fatar mai wanka ko wanki, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. In an bar ta tana shanye jini, tana iya toshe bututun har ƙoda ta lalace. Na ce ba ruwanta da namiji ko mace.

Sai hannu ya tashi a bakin taga. Tun da aka koma ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Na ce ke ta bakin taga. Ta miƙe, ta yi magana da Faransancinta na Dawce, a hankali, kamar ta daɗe tana shirya jimlar:

"Madam, in mace ce, ta yaya za ta san daga ina jinin yake?"

Aji ya fashe. Maza suna dukan benci, mata sun rufe fuska da hijabi. Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar kowa na cewa ga 'yarta tana tambayarta jinin mata gaban maza. Na ce ba darasin yau ba ne, ta zauna, kuma wanda ya ƙara kawo rashin kunya ajina zai fita. Rashin kunya, haka na ce. Ta zauna. Na mai da ƙodar Baba Shekara a juye, sai da aka tashi na lura.

Ina alwalar la'asar abin ya haɗu mini. Wankan. Sallar. Hakin. Tuwon da ake bari. Tabkin bayan gidan Inna da ya cika ya batse da damina, inda duk matan unguwa ke wanki. Na zauna riƙe da buta har ruwan ya tsiyaye.

A gida ɗaya muke kwana, amma sai da ta jira na zama Madam, gaban aji guda, kafin ta samu bakin tambayata. Ni kuma na ce ta zauna.

Juma'a, 10 Janairu

Na je ƙofar ɗakinta sau biyu. Na farko na gyara labule, na biyu na tambayi iska ko an ga tsintsiya.

Asabar, 11 Janairu

Na kira Inna a waya, na ce ko za ta zo ta tambaye ta, tunda ita ta raine ta. Na yi ta zagaye-zagaye kafin ta gane. Sai ta ce ita ta faɗa wa yarinyar bara, lokacin da ta fara al'ada, cewa duk ranar da ta ga jini ta ajiye salla, in ya ɗauke ta yi wanka. Iyakar abin da ta faɗa mata ke nan, don ita ma iyakar abin da aka faɗa mata ke nan. Wato yarinyar umarni take bi. Ni ina nan ina kiranta malalaciya.

Na ce to ta zo. Ta ce ƙafarta ba ta hawa mota yanzu, kuma ko tana hawa ba za ta zo ba. Na ce Inna, ke fa kika koya mini, har yau ba ki taɓa kiran sunan Yaya Abubakar, ɗanki na fari, ba.

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Amma ko tari ya yi a bayan gida ina ji. Suna na ce kar ki kira. Wa ya ce miki kar ki dube ta?"

Na ce caji ya ƙare. Bai ƙare ba.

Litinin, 13 Janairu

Na ce wa direkta zan gyara Baba Shekara a gida. Na naɗe shi da zane, na rungume shi a bayan kabu-kabu, mai babur yana ta waige yana tambaya ko jinjirin lafiya. Dabarata ita ce tunda Madam take iya yi wa magana, to Madam ta zo gida.

Na ajiye shi kan tabarma a ɗakinta, na ce akwai tambayar da aka yi a aji ba a amsa ba. Ta zauna nesa, kanta ƙasa. Na fara da Faransanci, muryar aji sak. Ga ƙoda, ga bututu, ga mafitsara, ga hanyar fitsari. Jinin tsargiya da fitsari yake zuwa, yawanci a ƙarshensa, da zafi, kuma ba shi da lokaci. Na al'ada kuwa hanyarsa daban, daga mahaifa yake, wata-wata. Na kai hannu in nuna mahaifar, sai na tuna Baba Shekara ba shi da ita. Shekara da shekaru ina aiki da shi ban taɓa jin rashinta ba, don babin nan kullum abokin aikina Mushe Rabi'u nake roƙo ya yi mini.

Na duba ɗakin ba abin nunawa. Na ɗora hannu a marata na ce nan take, bayan mafitsara. Da Hausa ya fito, ban shirya ba. Ta ɗago ta kalli hannun, ta daɗe tana kallo. Ni ma na san abin da take tunani, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta ce da fitsari yake zuwa, Yaya, da zafi. Ta ce tun a Dawce yakan zo ya tafi, amma bayan damina ya ƙi tafiya. Ta ɗauka haka kowace mace take, ita ce dai ba ta da juriya.

Na matsa na kama haɓarta. Na ja fatar idon. Fari fat, kamar kindirmo. Tana da ɗan tabo a girar hagu, ban san yaushe ta same shi ba, ban san ma tana da shi ba.

Talata, 14 Janairu

Likita. Ma'aikaciyar da muka samu Sadiyya ce, baƙuwa ce a garin, ba ta san ni ba. Ta ba yarinyar kwalba ta nuna mata bayi. Muka rage mu biyu, ta ɗauki biro za ta rubuta a jikin takardar kwalbar, ta ce ke mece ce tata?

Na ce malamarta ce.

Allah Ya gani haka na ce. Ta ce to ina uwar, don tana son ta san tun yaushe, kuma wace irin uwa ce za ta bar yarinya ta kai haka. Ba da faɗa ta faɗa ba, rubutu take. Na dubi kalandar bango, na dubi sikeli. Na ce ni ce. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai kan takardar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ce in faɗi sunanta. Na waiga ko yarinyar ta dawo ta faɗa da kanta, ba ta dawo ba. Na faɗa. Muryata ba ta fita ba, sai da ta ce in ƙara. Na ƙara. Baƙon abu ne a bakina, kamar kalmar wani yare, alhali ni na zaɓe shi na raɗa wa maigida tun tana ciki.

An ga ƙwan tsutsar a labo, ɗakin gwaji. An auna ta, an ba ta ƙwayoyin tsargiya ta sha bayan ta ci abinci, da na ƙarin jini da za ta daɗe tana sha. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce tunda abin ya jima, mu je Damagaram a yi hoton ciki a ga ko ya taɓa ƙoda. Ni na koyar da wannan jimlar ranar Alhamis.

Maganin ya sa ta amai da yamma. Na riƙe mata goshi. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta gan mu, na ji kunya, amma ban saki ba.

Lahadi, 19 Janairu

Gobe Damagaram. Na kasa cin komai. Na ciro goron daga cikin Baba Shekara na jefar, ba na son ganinsa.

Litinin, 20 Janairu

Mai hoton ya shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ya juyo mini da allon tunda na ce darasin nake koyarwa. Ban gane komai ba, duhu da toka-toka kawai. Ashe na roba kaɗai na sani. Ya nuna bangon mafitsara ya ce ya yi kauri, ya nuna ƙodar hagu ya ce ta ɗan kumbura kaɗan, amma a shekarunta irin wannan yakan koma bayan magani, mu dawo bayan watanni a sake dubawa. Ya ce gara da aka zo yanzu. Na tambaye shi da an zo tun Nuwamba fa? Ya ce Hajiya, an dai zo.

A mota ta yi barci, kanta ya gangaro kafaɗata. Akwai mutanen Matameye a motar, har da matar ladan. Na kalli taga har Kance. Kafaɗar ta sage, ban motsa ba.

Alhamis, 6 Fabrairu

Ƙwaƙwalwa da laka muka shiga. Na buga wa shugaban aji gwiwa da gefen hannu ƙafarsa ta yi tsalle, na ce akwai saƙon da jiki ke amsawa tun kafin mutum ya yi shawara. Sun ji daɗin darasin. Na sa an rubuta sunayen duk masu fitsarin jini a ɓoye, majo ya ce zai turo a duba su, ba su da kaɗan.

Mushe Rabi'u ya tambaya ko bana ma shi zai yi mini babin ƙarshe. Na ce ya bari. Ba don komai ba, sauri yake yi, yara ba sa fahimta. Zan nemi kwali in zana abin da Baba Shekara ya rasa.

Malamin unguwa ya ce wa maigida ta riƙa rama sallolin a hankali, ba laifinta ba ne. Tana yi bayan kowace farilla. Nakan ɗan zauna kan tabarmar har ta gama, don ɗakin ya fi ɗumi.

Fitsarin ya washe. Idon ya fara ja, na duba da safe, na sake dubawa da ta dawo. Ta cinye tuwonta har ta ƙara, ga baki ya buɗe, wai miyata ba ta kai ta Inna ba. Tabon girar ashe ƙaho ne, akuyar Inna ta tunkuye ta tana ƙarama. Gobe in an tashi zan biya kasuwa in sayo hanta da zogale, Safiyatu ta ce ta gaji da wake.

Na ga sunan da na rubuta. Biro ne, ba ya gogewa. Bari in je in sauke tukunya.